Na Karɓi Katin Nutso, Amma Gabana Bai Daina Faɗuwa Ba

Assalamu alaikum Anti,

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Katsina, shekara uku ke nan ina aiki a Jidda. Wata biyu da suka wuce na kammala kwas ɗin nutso da tukunyar iska, aka ba ni katin matakin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso. Kowa sai barka yake mini, ni kuwa na san abin da ya faru a ƙasan ruwan. A nutso na uku, muna zurfin mita 10, malamarmu ta yi mini alama in cire gilashin fuska in mayar. Ruwa na taɓa mini hanci sai na ji kamar an shaƙe ni, na zabura zan yi sama, ita ce ta cafko rigata ta riƙe ni har na dawo hayyacina. Na sake gwadawa na yi, aka ce na ci, amma tun ranar da na karɓi katin ban sake jiƙa ƙafata ba.

Yanzu abokan aikina su huɗu, waɗanda suka daɗe suna nutso, sun shirya tafiya Dahab a Masar bayan ƙaramar salla. Suna ta zancen Blue Hole da wani jirgin ruwa da ya nutse lokacin yaƙi. Na ce musu ina ciki, don kada a ce na zubar da kuɗin kwas a banza, amma da na kwanta sai gabana ya yi ta faɗuwa. Hajiyarmu ma ba ta san na koya ba, matar da ko bakin kududdufi ba ta yarda mu je ba muna yara. In haƙura da abin nan ne, ko in daure in bi su?

Ƙanwarki a Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Kafin mu taɓa zancen tafiya, ki nemi malamar nan taki ki sake yi mata godiya, ko da ɗan turare ne ki kai mata. Cafkar da ta yi wa rigarki ta fi duk abin da ta koya miki a kwas ɗin. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, ba sai na sakaya miki ba. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jikinki ninki biyu ne na wanda kike ɗauke da shi a tudu. Iskar da kika zuƙa a can, in kika taso da ita a ƙirji ba ki fitar ba, kafin ki iso sama ta kumbura ta ninka girmanta. Huhu yana iya tsagewa, kumfar iska ta shiga jini ta wuce ƙwaƙwalwa. Shi ya sa dokar farko da aka karanta muku ita ce kada a riƙe numfashi. Wanda ya firgita kuwa abu biyu yake yi a lokaci guda, ya riƙe numfashi, ya yi sama a guje. To faɗuwar gaban nan da ke hana ki barci tana da dalili. Jikinki ya san an tsallake rijiya da baya, shi ne yake tuna miki.

Amma katin naki halal ne, ki daina kallonsa kamar kayan sata. Abin da yake shaida bai da yawa: kin yi karatu, kin yi atisaye a kwamin ninkaya, kin yi nutso huɗu a teku, an yarda ki sauka har mita 18 tare da abokin nutso, a ruwa irin wanda kika koya a cikinsa. Kamar lasin tuƙi yake. Wanda aka miƙa wa lasin yau, ba yau zai ɗauki mota daga Katsina zuwa Legas da daddare ba, kuma ba mai ce masa matsoraci don ya ƙi.

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman abin da kike tsoro. Ba ki ambaci kifi ba, ba ki ambaci duhu ba, ba ki ma ambaci zurfi ba. Hanci kika ce. Wannan kuwa abin farin ciki ne, don a duk tsoron masu nutso shi ya fi sauƙin magani. Tun ranar da aka haife ki da hanci kike numfashi, sai ga na'ura ta ce daga yau da baki za a yi. Muddin gilashi na rufe da hancin, jiki na haƙuri. Ana cire shi ruwa ya taɓa ƙofar hanci, sai tsohuwar ɗabi'a ta dawo, a ɗan shaƙi ruwa, maƙogwaro ya tsuke, ƙwaƙwalwa ta yi shelar babu iska, alhali abin numfashin na nan a bakinki yana ba ki iska yadda ya saba. 'Ya'yan Sarkawa da suka tashi a bakin gulbi sun gama da wannan tun suna 'yan shekara biyar, ba tare da sun san sun koyi wani abu ba. Mu 'ya'yan tudu sai mun girma muke biyan kuɗi a koya mana.

Ga yadda za ki yi, kuma daga banɗakinki za ki fara. Ki cika babbar roba da ruwa, ki sa bututun nan na numfashi a saman ruwa a bakinki, ban da gilashi, ki tsoma fuska. Ki zuƙa ta baki, ki fitar ta hanci a hankali, kina jin kumfa na bin kumatunki. Ranar farko wataƙila daƙiƙa goma za ki yi ki ɗago kina tari. Ba komai, ki goge fuska ki koma. Cikin 'yan kwanaki za ki ga kin yi minti biyu, minti biyar, har ki fara tunanin abin da za ki dafa da dare. Daga nan ki koma wurin malamarki, ki biya kuɗin zama ɗaya ko biyu a kwami da cikakkun kaya. Ki durƙusa a inda in kin miƙe kanki zai fito, ki cire gilashin ki mayar, ki sake cirewa ki mayar, sau ashirin, sau talatin, har abin ya gundure ki. Gundurar nan ita ake nema. Lokacin cirewa ki ɗan sunkuyar da kai, iskar da ke hanci za ta tsare ruwan. In kin mayar, ki danna saman gilashin a goshi, ki fara hurawa ta hanci tukuna sannan ki ɗaga kai. Masu ɗaga kai kafin su fara hurawa su ne ruwa ke gangarawa maƙogwaronsu.

Ki kuma sayi gilashinki na kanki, ki daina dogara da na haya. Wajen saye ki ɗora shi a fuska ba tare da kin sa igiyar ba, ki ɗan zuƙi iska ta hanci. In ya manne bai faɗi ba, naki ne. Mu masu sa hular ruwa don rufe kai sai mun kula, bakin hular ko silin gashi ɗaya in ya shiga ƙarƙashin robar gilashin, yoyo zai yi ta yi har a fito. Ɗaure igiya tamau kuma ƙara yoyon yake.

Abu na biyu numfashin kansa. Mai fargaba gajeren numfashi yake yi da sauri-sauri, irin wannan kuwa ba ya fitar da iskar kabon daga huhu yadda ya kamata. Kin fi ni sanin cewa taruwar kabon a jini ita ke sa mutum jin yunwar iska, ko da iskar shaƙa na nan wadatacciya. Jin yunwar iska ya ƙara fargaba, fargaba ta ƙara saurin numfashi, haka abin ke zagayawa har mutum ya tofar da abin numfashi ya yi sama. Inda ake tsinka zagayen shi ne wajen fitarwa. Da kin ji ƙirji ya fara cika, ki tsaya cak, ki daina harba ƙafa. Ki kama igiya, ko hannun abokiyar nutsonki, ko ki sa gwiwa a yashi in yashi ne a ƙasa. Ki fitar da numfashi mai tsawo har sai kin ji kin juye shi duka, shiga kuwa da kansa zai shigo. Ki duba ma'aunin iska ki karanta lambar a zuciyarki. Ganin allura a kan 150, a tukunyar da ake cikawa zuwa 200, yana kwantar da hankali fiye da duk wani lallashi. Ki yi numfashi uku irin wannan sannan ki yanke abin da za ki yi. Sau da yawa kuma sababbi darmar da ake ɗaurawa don a samu nauyin sauka ce ke musu yawa a ƙugu, su yi ta faman harbi don kada su nutse, su gaji, su yi ta haki. Ki sa malamarki ta auna miki: rigar iska, wadda ake hura wa iska don a taso ko a sace don a sauka, babu iska a ciki, kin riƙe numfashi daidai misali a saman ruwa, ruwan ya tsaya miki a saitin ido. In kin wuce haka, darmar ta yi yawa.

In dai irin wannan firgicin yana zo miki a tudu ma, a cikin lifta ko tsakar dare ba dalili, to wannan maganar likita ce kafin ta teku. Kuma kada ki sha maganin kwantar da hankali don ki samu ki shiga ruwa.

Yanzu in zo inda wasiƙarki ta fi tsaya mini a rai. Kin ce kin amsa musu ne "don kada a ce". Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Tsoronki yana inda ya kamata ya kasance. Kunyar ce kika ɗauko daga gida za ki kai ta inda ba ta da wurin zama, kuma ni ita na fi ji miki, don ta taɓa cin kasuwata.

A nutsona na tara ne, a wani shagon nutso da ke gaɓar Bahar Maliya. Na tashi da 'yar mura, hanci ɗaya a toshe. Na riga na biya kuɗin kwale-kwale, ga shi ni kaɗai ce baƙar fata a cikinmu, raina ya ce in na zauna za a ce dama irinsu ba su iya ruwa ba. Muka fara sauka a jikin igiya. A mita huɗu kunnena na hagu ya ƙi buɗewa. Na toshe hanci na hura, shiru. Na leƙa ƙasa, jagoran yana can yana ta yafito ni da hannu, mutum bakwai sun kewaye shi sun ɗago kai suna jirana. Maimakon in ɗan hau sama in sake gwadawa, ko in ce na fasa, sai na saki igiya na danna. Zafin da na ji kamar an kafa mini ƙusa a kunne. Da muka fito na cire gilashi akwai jini a ciki. Mako uku na yi kunnen kamar an cusa auduga, likita ya ce Allah ne ya rufa asiri fatar dodon kunnen ba ta fashe ba. Jagoran yana da nasa laifin, ya kwashi mutane da yawa yana sauri. Amma babban yatsana yana hannuna, ɗaga shi kawai zan yi, alamar a fasa a hau sama, kunya ta hana.

Masu nutso a duk duniya suna da ƙa'idar da ba a jayayya a kanta: kowa yana da ikon fasa kowane nutso, a kowane lokaci, ba sai ya ba da dalili ba. Mu ma ai mun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai sanin ƙa'ida daban, iya ɗaga yatsa a gaban mutane daban, musamman ga wadda aka rena da kawaici irinmu. Don haka ki yi atisayensa kamar yadda za ki yi na gilashi. Ki gaya wa malamarki cewa a ɗaya daga cikin nutson da za ku yi, ke za ki katse shi da gangan, ba tare da komai ya faru ba. Ki ɗaga babban yatsa, ku hau a hankali, ku yi tsayuwar minti uku a mita biyar, ku fito. Za ki ga sama ba ta faɗo ba. Ki kuma saba da karkaɗa tafin hannu, alamar akwai matsala, tun abin yana ƙarami, kada ki yi ta nuna alamar lafiya lau alhali zuciyarki na dukan uku-uku.

Abokan tafiyar nan kuma ki faɗa musu gaskiya tun yanzu: nutso huɗu gare ni, na taɓa firgita, ba zan wuce mita 18 ba. Amsar da kowa ya bayar za ta nuna miki ko wane ne. Wadda ta ce madalla da kika faɗa, mu tsara, ita ce abokiyar nutso. Wanda ya ce haba ba komai, ke dai biyo ni, ki ci abinci da shi, ki yi hira da shi, amma kada ki shiga ruwa da shi.

To, ki je Dahab ko kada ki je? Ki je, bisa sharaɗi. Allah ya ajiye ki a bakin ɗaya daga cikin tekunan da mutane ke biyan kuɗin jirgi daga Turai don su gani, ga Obhur nan arewa da gari inda ake shiga daga gaɓa. Tsakanin yanzu da azumi ki tara nutso shida zuwa goma a can, a zurfin mita 6 zuwa 12, tare da malama, kina rubuta kowanne a littafinki: darma nawa, iska nawa kika shiga da ita, nawa kika fito da ita, me ya dame ki. In azumi ya kama, ki bar teku da rana. Hukuncin azumin mai nutso na bar wa malamai, amma ta fuskar lafiya, ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kumfar naitirojin, wanda ke kama mai nutso in iskar da jikinsa ya tsotsa a zurfi ta zama kumfa bayan ya taso, ga iskar tukunya busasshiya ce, ƙara busar da mutum take. Kwami bayan buɗa baki ya wadatar. In ba ki samu yin waɗannan ba, ki bi su yawon buɗe ido, ki yi iyo a sama da bututu kina kallon murjani, ba ki yi asarar komai ba.

Dahab kanta wuri ne mai daɗin koyo. Ƙaramin gari ne a Sinai, a gaɓar mashigin Aƙaba, ana sauka a filin jirgin Sharm el-Sheikh a ƙarasa da mota. Galibin wuraren nutsonta da ƙafa ake shiga daga bakin ruwa, babu tsalle daga kwale-kwale, babu jirin teku. Akwai wurin da ake kira Lighthouse a tsakiyar gari, gangaren yashi ne a hankali, nan ake koyar da sababbi. Ki nemi a fara miki daga nan, kuma kwana biyun farko ki biya jagora naki ke kaɗai. Kuɗin da ya fi kowanne amfani a tafiyar ke nan. Kafin ki biya kowane shago, ki tambaye su mutum nawa jagora ɗaya ke ɗauka, ko suna tafiya da tukunyar iskar asibiti ta gaggawa, da kuma inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato inda ake jinyar ciwon kumfar naitirojin. Shagon da bai nemi ganin katinki da littafinki ba, ki ɗauki jakarki ki yi gaba.

Blue Hole kuwa ki je ki gani da idonki, amma daga sama. Rami ne a cikin murjani dab da gaɓa, zurfinsa ya kai mita 100. Abin da ya yi masa mugun suna wata ƙofa ce a jikinsa, wajen mita 55, da ke ɓullewa cikin teku. Iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40 ce, ko ga masu manyan katuna. Tun daga wajen mita 30 naitirojin ke fara juya kai kamar maye, mutum ya ji garau alhali lissafinsa ya kwance, ga iska na ƙarewa ninki huɗu na yadda take ƙarewa a sama. Mutane da yawa sun tafi neman ƙofar nan da tukunya ɗaya ba su dawo ba. A jikin dutsen da ke bakin wurin za ki ga allunan tunawa da su an manna, ki tsaya ki karanta shekarun haihuwa da na rasuwa. Ko hanyar da masu nishaɗi ke bi, wadda ake shiga ta wani tsagin dutse a gefe, tana gangarawa fiye da iyakar katinki, kuma bango ne da ba a ganin ƙasansa. Wadda ba ta gama mallakar rigar iskarta ba, ba ta da abin yi a wurin da babu yashin durƙusawa.

Jirgin da suke zance kuma Thistlegorm ne, na Ingila, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a watan Oktoban 1941 yana ɗauke da kayan yaƙi. Har yau babura da motoci na jere a cikinsa. Yana kwance a wajen mita 30, igiyar ruwa na da ƙarfi a wurin, kuma sammako ake yi a yi doguwar tafiya a kwale-kwale. Ya shekara sama da 80 a inda yake, zai jira ki ki yi kati na biyu. Haka ma jiragen da ake kwana a cikinsu mako guda ana nutso uku ko huɗu a rana, ki ajiye su sai gaba. Ko a lokacin sai an bincika sosai, don a Nuwamban 2024 ɗaya ya kife kusa da Marsa Alam aka yi asarar rayuka.

Wasu ƙananan abubuwa da ke ba sababbi mamaki. In tafiyarku ta faɗo a Maris ko Afrilu, ruwan Dahab yana wajen digiri 21 zuwa 22, ya fi na Jidda sanyi nesa ba kusa ba. Ki nemi rigar ruwa mai kaurin milimita biyar da hula, don sanyi na sa saurin numfashi, saurin numfashi kuwa kin san inda yake kaiwa. Riga mai kauri tana ƙara sa mutum tasowa, sai an sake auna darma a ranar farko. Tukunya ana cika ta zuwa 200, ki sanar da jagora in kin kai 100, ki tabbata kin fito da 50. Kada ki ji nauyin cewa ke ce kike fara ƙarar da iska, duk sabo haka yake.

Sai maganar hawa sama bayan nutso, wadda ake yawan mantawa wajen yankan tikiti. Bayan nutso ɗaya, aƙalla awa 12 kafin a hau jirgin sama. In an jera kwanaki ana yi, aƙalla awa 18, ni dai kwana guda cur nake bari. Kuma dutse ma sama ne. Baƙin Dahab suna son zuwa hawan Dutsen Sinai da dare don ganin fitowar rana, tsayinsa ya haura mita 2,200, ba a haɗa shi da ranar nutso. Ke da ke Jidda ma ki riƙe wannan: kada ki yi nutso da safe a Obhur, da yamma a ce a hau Ɗa'ifa shan iska ki bi, garin yana sama da mita 1,800. Ki yi inshorar masu nutso, irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, don inshorar wurin aiki ba lalle ta biya kuɗin ɗakin matsin iska ba. In bayan fitowa kin ji ciwon gaɓa, ko wani sashe na jiki ya yi sanyi ko yana tsira-tsira, ko gajiyar da ta wuce misali, ki faɗa nan take a sa miki iskar asibiti, kada ki ce bari in kwanta in gani. Biza kuma ki fara nema da wuri, fasfo ɗinmu ba lalle ya bi layin da na abokanki zai bi ba.

Akwai abin da fom ɗin lafiyar da kika cike wataƙila kin wuce shi da sauri, alhali mu ya fi shafa. Mai sikila ba ya nutso. In ke AS ce, ki zauna da likitan da ya san harkar nutso ku tattauna. In kin je gida hutu aka ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ki sani meflokwin yana iya kawo jiri da fargaba, ba a son sa ga mai nutso, akwai wasu. Mai juna biyu ba ta shiga. Mai mura kuma, kin ji labarin kunnena.

Ba ki tambaye ni kifin shak ba, amma na san Hajiya za ta tambaya. Akwai shi a Bahar Maliya, kuma an taɓa samun hare-hare, kamar na Sharm el-Sheikh a 2010 da na Hurghada a 2023, a kan masu iyo a saman ruwa. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya fi cutar da masu nutso a can hannunsu ne: a taɓa murjanin wuta, ko a dafa dutse ashe kifi ne mai dafi ya yi lamo. Ki harɗe hannuwanki a ciki ki yi kallo.

In kin ƙware, wurare na nan. Yanbu na kusa da ke. Zanzibar akwai ruwa mai ɗumi a kewayen tsibirin Mnemba. Wanda na fi yi wa kwaɗayi shi ne gaɓar Fot Sudan, inda murjanin Sanganeb yake, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, da jirgin Italiya Umbria da ma'aikatansa suka nutsar a 1940, ga 'yan'uwanmu Hausawa a ƙasar. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya rufe wannan hanya, Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Saura Hajiya. Ban goyi bayan ki haye wata ƙasa ki shiga teku ba da saninta ba. Tsoronta ba na jahilci ba ne. Duk unguwar da ke da kududdufi tana da gidan da aka yi zaman makokin yaro da damina, ita abin da ta sani game da ruwa ke nan, kuma gaskiya ne. Ina ma zargin rabin nauyin da kike ji a ƙirji in kin kwanta, na ɓoyon nan ne. Kada ki faɗa mata a waya ana saura kwana biyu tafiya. Ki bari sai kin yi nutsonki na Obhur hankalinki ya kwanta, don uwa tana jin rawar murya ko daga Jidda ne. Sannan ki tura mata ɗan bidiyo kina durƙushe a yashi a ruwa mai haske, malamarki a gefe, ƙananan kifaye na wucewa. Ki nuna mata tukunyar, ki nuna mata ma'aunin, ki ce mata ba a shiga sai mutum biyu, kuma duk lokacin da kika ga dama kina fitowa. Za ta yi faɗa, ki saurara har ta gama. In ta ce sai kin kira ta duk ranar da kika fito daga ruwa, ki ce to, ki kuma riƙa kira. In kuwa ta kafe ta ce Masar dai a'a, ki bar wa abokanki tafiyar bana, ki sa wani yayanki ko ƙanwarta da take jin maganarta su tausa ta a hankali kafin ta baɗi.

Ki rubuto mini bayan nutso na goma. Ina so in ji darma nawa kika koma ɗauka, da kuma ranar da kika fara ɗaga yatsan nan da kanki.

Antinki